Aljihun Tebur Na Uku

A takardar ɗaukarta aiki layi uku aka rubuta:
buga wasiƙu, ɗaga waya, tsara ganawa.
Shekara goma sha tara Lantana ta yi
tana cike sauran shafin
da aikin da babu shi a takardar albashi.

Ofishinmu na can wajen Ƙofar Ƙaura,
fanka biyu, ɗaya ta mutu tun kafin in zo.
Teburinta a bakin ƙofar Darakta yake,
duk maganar da za ta shiga sai ta bi ta gabanta
kamar ƙullun koko a mataci,
dusa ta tsaya, gasara ta wuce.

Daga rufe ƙofar mota take karanta ranar.
In ta ji “gam!” sai ta ɗaga mana gira,
mai neman hutu ya koma kujerarsa,
mai neman sa hannu ya bari sai an sauko azahar.

Ni na san aljihun tebur na uku.
Ranar da rahoton famfunan Rafindadi ya salwanta a hannuna
Darakta ya yi mata shifta yana huci:
takardar tuhuma, amsa cikin awa ashirin da huɗu.
Ta buga tsaf, ko wasali ba ta rage ba,
ta zura ta a na uku, ta murɗa makulli.
“Tawada ma tana son ta sha iska,” in ji ta.
Da safe ta ajiye masa ita kusa da shayi.
Ya karanta, ya sosa ƙeya,
ya ce, “Kira min Lurwanu, mu yi magana.”
Takarda nawa ta kwana a nan ta wayi gari ba dafi?
Ita ta sani, kuma ba ta faɗa.

Baba Mannir masinja, da can “kai” ne sunansa.
Ita ta fara rusuna masa da safe
a gaban masu digiri da masu babbar riga.
Ba ta ce kowa ya yi ba.
Yau har injiniya sai ya tsaya ya tambaye shi ciwon gwiwa.

Da azumi aka turo mana Nkiru, ’yar bautar ƙasa,
rana ta take, ba mai sayar da ko ƙosai a layin.
Lantana da bakinta a bushe
ta buɗe jaka ta miƙa mata kular dambu,
ta ce, “Shiga sito ki ci, zan tsare ƙofa.”

Kada in mai da ita waliyyiya.
Ta yi mako uku ba ta amsa gaisuwata
don na ari almakashinta ban mayar ba.
In ka makara da kuɗin adashi
sunanka zai sha jan biro, kowa ya gani.

Alhamis da ta wuce ta yi ritaya.
An sha lemo, an ba ta agogon bango,
Darakta ya yabi saurin hannunta a kan na’ura.
Muka tafa. Ba wanda ya ambaci aljihun.

Yanzu Sada ne a kujerar, yaro mai kuzari,
kafin mai fushi ya rufe baki
wasiƙa ta isa inda aka aike ta.
Shekaranjiya biyu suka tafi tun shayi bai huce ba,
yau akawu da direba suna wuce juna
kamar ba su taɓa cin tuwo a kwano ɗaya ba.

Ɗazu da la’asar wani mai Keke Napep ya kawo ambulan
daga Dutsin Safe, da sunan Sada a kai.
Ƙaramin makulli ne a ciki,
da guntuwar takarda: “Na uku. Yana cijewa, ka bi shi a hankali.”

Na baro shi yana jujjuya shi a tafin hannu.
Fanka ɗayar tana ta juyi a kansa.